Amsar Hoto Daga Kan Dutse

Kiyari, ƙanena, hotonka ya iso.
Ga ka tsaye kan tudu a bakin teku,
jirage a bayanka kamar shanu sun kwanta a mashaya.
Ka rubuto, "Yaya Muntari, ka taɓa ganin irin wannan?"

To, da la'asar na hau dutsen Birni,
takalmi a hannu, gwiwa tana mita,
don in samo maka amsa.

Duwatsun suna nan yadda ka bar su,
wani kan wani, kamar tulunan da aka kife
mai su ta tafi unguwa ba ta dawo ba.
Ƙadangare ya gaishe ni da ka, har sau uku.
Inda muka karce sunayenmu da ƙusa
naka ya shafe ƙaf,
nawa kuwa saura "Mu".

Daga nan ina hango tsohon barikin Nasara,
da ganuwa mai giɓi kamar bakin tsohuwa,
da zankwayen soraye sun miƙe kunnuwa.
Iska ta kawo mini warin majema,
ban toshe hanci ba, warin gida ne.

Can ga Zango.
Ka tuna Baba Ciroma, goro a kumatu,
yana cewa nan ma bakin teku ne?
Tekun rairayi, in ji shi,
raƙuma ne jiragensa,
su iso da kantun gishiri da dabino,
leɓɓan madugu a tsattsage,
idonsa cike da taurarin da ya ƙirga a hanya.
Mu muka yi ta dariya.
Yau ban yi ba.

Ƙasa da ni wani yaro yana tura kura,
jarka goma, ɗaya tana yoyo,
ya toshe ta da ɗan yatsa yana tafe a karkace.
Kai kana da ruwa har inda ido ya gaji,
an ce ko kurɓi ɗaya ba ya shawuwa.
Wa ya fi wani, Kiyari?

Na ɗaga waya in ɗauko maka Damagaram
daidai lokacin da rana ta shafa mata jan lalle,
sai caji ya ƙare.

Dutsen bai huce ba har aka kira magariba,
na zauna, ɗuminsa yana ratsa ƙashina.
Inna Falmata ta ce in tambaye ka
ko kana cin abinci.
Hoton kuwa babu.
Sai ka zo da idonka,
ka taho da ƙusa.