Kashi Goma Sha Bakwai

An ce Baba ya cire agogo,
ya zazzage aljihu:
makullin shago, tsinken sakace,
da tsohon sulen da ya ƙi rabuwa da shi.
"Maganaɗisu ne a ciki," in ji Nanpon mai kula da injin,
"ko allura ya gani sai ya fizge."
Baba ya ce, "Shekara talatin ina wankin kuza a Bukuru,
duba ko ta saura a jinina."

Damina biyu ke nan
zuciyarsa ta daina bin kiɗa.
Ta yi gudu, ta yi tuntuɓe, ta tsaya sauraro,
ta sake fuffuka
kamar tattabarar da aka ɗaure a buhu.

Suka zura masa ruwan allura a jijiya,
gado ya shige da shi bakin farin rami.
Ta gilashi tafin ƙafarsa kawai nake gani.
Injin na ta sara, kamar diga a kan dutse.
Ja numfashi. Riƙe.
Na riƙe tare da shi.
Saki.
Ni na manta ban saki ba.

Dakta Kangyang ta juyo mana da allon.
Ga ɗakin sama na hagu, ta ce,
bangonsa bai kai kaurin fatar albasa uku ba.
Inda ya yi shuɗi, naman na da rai.
Inda ya yi fari, tabo ne,
nan saƙon bugu ke ɓatan hanya
ya yi ta kewaya wuri ɗaya.
Ta auna, ta sake aunawa:
kashi goma sha bakwai cikin ɗari.
Da sauran fili, ta ce. Aiki zai iya kamawa.

Ban tambaye ta ba
ko kashi nawa ne na rasuwar Inna,
nawa na shekarar da kasuwa ta ƙone.
Injin ba ya karanta kwanan wata.

A hanyar gida, wajen Rayfield,
Baba ya sa mai keke ya tsaya.
Ya daɗe yana kallon kududdufin kuza,
koren ruwa, jan gaɓa,
wata mata na ban ruwan kabeji a gefe.
"Mu muka haƙa wannan," ya ce.
"Ga shi ana ci daga bakinsa."

Ya ɗaura agogonsa,
ya ɗora yatsa biyu a wuyan hannu,
yana ƙirga.