Ƙofar Gishiri

Ubana falke ne, kanwa ya yi wa bauta.
Daga Baga Sola yake lodi, ya sauke a Kusuri,
ungurnu ta cinye masa tafin hannu
har zanen da ke ciki ya goge.
Yakan ce, ke Kaltume, wannan uwar gami ce,
ba ta shiga tukunya ta bar ta yadda ta same ta.

Yau ga ni a Garwa, cikin farar riga,
da sauro ɗari a bututun gilashi.
Jikokin kwamin shinkafar Lagdo ne,
ni na raine su da ruwan sukari a auduga
kamar ba kashe su zan yi ba.

Dokta Hamajoda ne ya fara zana mini
da alli, a bayan ƙofa, don allo ya cika:
jijiya doguwar katanga ce,
sodiyam na cunkushe a waje kamar 'yan kallo,
ciki shiru.
Sai wani abu ya taɓa gashin ƙafar sauro,
ko numfashin mai barci ya iso masa,
ƙofa ɗaya ta buɗe.
Su ruɗu ciki.
Ta kusa da ita ta ji, ta buɗe,
ta gaba ma haka,
labari na gudu ƙofa bayan ƙofa
ya kai fiffike kafin ka ce kwabo.

Kuma kowace ta rufe bayanta.
Nan ne hikimar take, in ji shi, a rufewar.
Sannan masu shara su fito,
su tura uku waje, su shigo da biyu na wani iri,
dare da rana, ba albashi.

Na tambaye shi, wane ne sodiyam ɗin?
Ya yi dariya. Na cikin gishirin miyarki.
Na cikin kanwa.
Ban faɗa masa ba,
amma ranar na koma gida da ƙafa
ina tunanin buhunan ubana,
shekara talatin yana ɗaukar walƙiya a ka
yana sayar da ita mudu-mudu.

Maganin da ke jikin gidan sauro
ba takobi ba ne.
Ɗan tsinke ne da ake cusa wa ƙofa
ta kasa rufuwa.
Baƙi su yi ta shiga, ba mai cewa ya isa,
kowace jijiya tana ihu lokaci guda,
sauro ya yi rawar da bai so ba,
ya faɗi rigingine.
Surutu ne ke kashe shi.

Haka ya kamata.
Na shimfiɗa takarda mai magani, na duba agogo,
awa ɗaya cif, na mayar da su, na jira kwana.
Da safe na ƙirga.
Talatin da tara a ƙasa.
Sauran suna tsaye jikin raga
suna goge baki da ƙafar gaba.
Sun gaji ƙofa mai sabon makulli,
harafi ɗaya aka canza a rubutun kakanni,
tsinkenmu ya daina kamawa.

Na rubuta sittin da ɗaya da jan biro.
Hannuna bai yi rawa ba, sai da na tuna
Buba, ɗan ƙanwata, makon jiya,
jikinsa kamar murhu a ƙarƙashin sabon gidan sauro
wanda ni na kai musu, na ɗaura da kaina.

Da magariba na jefa kanwa a kuɓewa,
ta yi kumfa, ta yi kore.
Wani ya sauka a wuyan hannuna.
Na kai masa mari, na rasa shi.
Ƙofofina sun buɗe, nasa ma sun buɗe,
gishiri ɗaya ne ya aike mu duka biyu,
nasa dai hanyar ta fi gajarta.