Burodi na Uku

Shekara sha bakwai ina ƙirga kuɗin wasu,
yatsuna ba su san ƙamshin komai ba.

Yanzu tun asuba, Valparaíso na barci,
ni da Eladio, wanda ya fito daga kurkuku bara,
muna kwaɓa fulawa, teku na tari daga ƙasa.
Ba shi da surutu. Hannunsa ya fi nawa sanin gishiri.

In mun sayar da biyu,
na uku na tsofaffin kan tudu ne.
Matakala ɗari da tara zuwa ƙofar Doña Nélida.
Kullum sai ta ce burodin ya huce,
sannan ta riƙe hannuna har shayi ya tafasa.

Albashi ya rame, gwiwa na ƙara.
Jiya na kwanta da fulawa a gira,
ban ko juya ba.