Ƙugiya

Ƙarfe uku saura kwata wayar aiki ta kwarma ihu
a ƙarƙashin matashina.
Sheffield na barci, ruwa na tsiyaya ta indararo,
na tashi da silifa ƙafa ɗaya,
na buɗe kwamfuta a teburin kicin
kusa da shayin jiya da ya yi yana.

Manhajar kai magani gida-gida ta faɗi.
Mutum dubu huɗu na jiran ƙwayoyin safe,
masu hawan jini, masu suga, masu tarin da ba ya jin lallashi,
ga uwar garke tana amsa kowace sallama da kalma guda:
kuskure.

Aikinmu farauta ce a zaune.
Na bi sawu layi-layi cikin rajistar dare,
daga wannan ƙofa zuwa waccan,
kowace na cewa ba ni ba ce, tambayi maƙwabciya.
An ce yanar gizo,
to yaushe Gizo ya taɓa saƙa don Allah?

Kakana a Dutsin-Ma yakan mari cikin rumbu da tafin hannu,
ya kasa kunne, ya ce akwai gara.
Ni ma na mari nawa rumbun, na bayanai,
da gajeriyar tambaya.
Ya yi tari. Ya tofo layi ɗaya.

Ba ɓarawo, ba gobara, ba gara.
Suna ne.
Wata baiwar Allah, shekara saba'in da ɗaya,
ko jikarta ce ta riƙe mata waya,
ta rubuta Ɗayyaba
da ƙugiyarsa a ka, kamar yadda aka raɗa.
Rumbun da aka gina tun ban zo ƙasar nan ba
bai san harafin ba, ya shaƙe,
duk na bayanta suka tsaya cak a layi.
Allura ta tono garma.

Fergus ya bayyana a allo, gashi a hargitse,
jaririnsa na kuka daga wani ɗaki.
Ya ce, yanke ƙugiyar, minti biyu ne, mu koma barci.
Bai yi ƙarya ba. Minti biyu ne.

Katin aikina na rataye a jikin ƙofa.
Shekara tara yana kirana Dahiru,
shekara tara ina amsawa.
Ni na yanke tawa da hannuna a filin jirgi,
don kada in tsayar da layi.

Na ce, Fergus, ba ni awa ɗaya.
Ya daɗe yana kallona. Ya ce, ɗauki kwafi tukuna.
Na kwashe rumbun kaf na ajiye gefe,
na tsaga reshe, na faɗaɗa bakin ƙofa,
yatsuna na rawa a kan madannai,
don harafi ɗaya in ya zame a nan
sai a wayi gari babu sunan kowa.
Gwaji ya yi ja. Na gyara. Ya sake ja.
Na manta waƙafi, ɗan mitsitsin nan mai wutsiya.
Na yi salati, na saka shi.
Kore.

Biyar da minti goma layi ya motsa.
Ɗayyaba ta wuce,
wani Łukasz ya bi bayanta da sandarsa a kafaɗa,
ban ma san yana jira ba.

Doka ta hana in nemi gidanta, ba zan nema ba.
Wataƙila muna haɗuwa a shagon da ake sayar da kuka da daddawa,
ta wuce ni da kekenta na cefane.

Na yi asuba a kan darduma mai sanyi.
Motar shara ta shigo unguwa tana nishi.
Da tara akwai taro, za su tambayi dalilin awa biyu,
zan nuna musu jadawali.
Katin yana nan a ƙofa.
Na ɗauki biro na yi masa ɗan lanƙwasa a ka,
tawadar ba ta kama roba,
na goge da babban yatsa, na rataya a wuya.