Ganuwar Visby

Kakana Botulf ya ƙona farar ƙasa shekara goma sha ɗaya
a ramin da ke bayan gonarmu,
har gashin girarsa ya kaɗe.
Da amalanken shanu ake kai ta birni,
a kwaɓa da yashin bakin teku,
a ɗora dutse kan dutse.

Ya ce ta gefen ruwa aka soma,
don jiragen baƙi.
Daga baya magina suka ba teku baya,
suka fuskanci gonaki.
Nan ya gane wa ake yi wa shinge.
Bai kashe wutarsa ba; da azurfa ake biya.

Aka ƙara mata tsawo, aka dasa hasumiyoyi,
kowane buhun hatsinmu sai da kuɗin ƙofa.

Ran da rundunar Denmak ta sauka
da lauje da gatari muka tare ta a gindin ganuwa.
Mun buga ƙyaure, mun kira masu gadi da sunayensu.
Sakata ba ta motsa ba.

Na tsira ƙarƙashin gawar Hallvid maƙwabcinmu,
kuncina manne da bango.
Aikin Kaka ne, na shaida shi:
ko tsinin wuƙa ba ya shiga tsakanin duwatsun.