Dutsen da Ya Ƙi Tashi

Kafin bango, in ji kakata Ngo Kaneng,
gindin mangwaro ne cocinmu,
ƙararrawa kuwa guntun ƙarfen dogo
da katikis Chollom ke duka da guduma
har karnukan Bukur su amsa.

Fada ya zo da zane a hammata:
hasumiya ƙafa sittin,
taga goma sha biyu, kowane manzo da tasa.
Dalyop magini ya juya takardar sama da ƙasa,
ya ce, "Fada, wanda ya zana wannan
ƙanƙarar tudun nan ba ta taɓa dukansa ba."

Ba a sayi dutse ko ɗaya ba.
Duk macen da ta taso daga wankin kuza
sai ta biyo ta gangare
da guda a kan gammo,
ran Asabar a koma sau biyu.
Shekara huɗu.
Gashin tsakar kan kakata bai ƙara tsirowa ba.

A gabas, daidai mazaunin bagadi,
aka iske wani baƙin dutse kwance kamar bijimi.
An hura masa wuta kwana uku,
an kwara masa ruwa,
ko gezau.
Dalyop ya ajiye guduma:
"Ya riga mu zuwa. A bar shi ya ji wa'azi."
Sai bango ya yi masa kwana.
Shi ya sa har yau cocinmu ya ɗan karkace,
kamar tsoho mai miƙa kunne.

Kuɗin acca ya sayi kwano, ya ƙare.
Hasumiya ta tsaya a ƙafa ashirin,
tantabaru suka gaje ta.
Taga bakwai aka samu,
sauran manzanni biyar suka yi haƙuri.
Gilashi kuwa gindin kwalabe ne, kore da ruwan ƙasa,
amma ka zo sujadar asuba
ka ga yadda hasken ke zuba
a kan zannuwan matan zumunta.

Allon bakin ƙofa ya faɗi shekara,
ya faɗi wanda ya yanke ƙyalle.
Shi ke nan.

Jiya kwamiti ya zauna:
za a shafe bango, a manna tayil.
Ni dai na fito na tsaya a jeri na uku,
hagu da ƙofa,
wurin wani jan dutse mai tsaga.
Ta ce ranar da ta ɗauko shi
babana ya fara motsi a cikinta.

Na ɗora tafina.
Rana ta daɗe da faɗuwa,
amma da sauran ɗumi.