Ƙwaryar Kawu Labbo

Ranar da Ɗan'ige ya miƙo min makulli
sai da ya dafa bayan motar kamar dillalin shanu:
"Wagga ba ta shan mai, Kulu, shinshinawa takai.
Lita shida, kilomita ɗari,
ga shi nan masu ƙirarta sun rubuta."
Na leƙa allon bayan sitiyari,
shidan na nan, koriya shar, tana min murmushi.

Sai dai wanda ya yi wannan awon
bai san watan Afrilu a Sakkwato ba.
Bai taɓa tsayawa Gawon Nama ƙarfe biyu ba,
kwalta na laushi, na'urar sanyi na nishi,
ɗan kabu-kabu ya gitta, mai baro ya gitta,
raƙumi ya gitta da albasa, bai ko dube ni ba.

Na sayi littafi mai jan bango.
Duk ran da na shiga gidan mai in rubuta
kwanan wata, lita, lambar da mita ta nuna.
Asibiti ne ya koya min haka,
ba mu karɓar "na ji sauƙi" sai mun auna.
Wata guda, Kwannawa zuwa aiki, aiki zuwa gida,
na raba, na goge, na sake rabawa:
sha ɗaya da rabi.
Ashe albashina ta salansa yake fita.

Modi na Buzaye ya jona mata kwamfuta,
ya busa matatar iska, ya ƙwanƙwasa taya,
ya ce ƙalau take, in kawo kuɗin dubawa.

Ran Asabar na kai Kawu Labbo gaisuwa Dange.
Shekara talatin ya yi yana jan tirela zuwa Ikko,
yanzu yana ta rufe masa ido guda.
Da za mu dawo aka ba shi nono,
ƙwarya cike fal, ya ce a bar faifan.
Ya aza ta bisa cinya, bisa farar riga.
"Mu tai. In ta zube ke ka wanki."

Na tayar kamar mai ɗauke da jinjiri.
Tun daga nesa na hango tudun kwalta
na ɗage ƙafa, mota ta isa da kanta.
Na bar wa mai tifa hanya,
ni da ba a wuce ni in ƙyale.
Wani yaro ya zabga min oda, ya wuce fuu,
muka iske shi a shatale-tale, birki na ƙauri.

Kawu bai ɗago ba, nononsa yake kallo.
"Mai da kika ƙone don ki yi gudu,
birki shi ka zubar da shi ƙasa.
Kin saya sau biyu, ba ki ci ko guda ba."
Can ya ce: "Mi ag ga but ɗin ki?"
Buhun siminti biyu, tun kafin azumi.
Na yi shiru.

Ɗigo uku suka taɓa rigar.
Na wanke.

Yanzu ba na barin inji na kuka
ina jiran mai tsire ya gama yanka.
Aike uku nakan haɗa su fita guda.
Na'urar sanyi kam tana nan, Kawu ya yi haƙuri,
shi ma in ya shiga ba ya cewa a kashe.

Jiya na sake rabawa: tara.
Ba shida ba. Shida na can ƙasar da ba rana.
Allon har yau yana min murmushinsa,
ni ma ina mayar masa,
irin wanda ake wa maƙwabcin da ya iya labari.

Nono kuwa, ko ni kaɗai ce a motar,
ina jin motsinsa a kujerar gefe.